Awon Bakin Kawu

4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da aikin naki. Mu nan lafiya lau. Antinki tana gaishe ki, gwiwarta ce dai ke ba ta wahala wajen hawan bene. Auta ta shiga shekarar ƙarshe a makaranta, ba ta da zance sai na jarrabawa.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, tunda rabona da ke tun rasuwar mahaifiyarki, shekara huɗu ke nan. In kin ce Kawu ba ya tuna zumunci sai da buƙata, ba ki yi ƙarya ba. Kakata da kakar uwarki ciki ɗaya suka fito, kin ga da ɗan nisa, amma ni ban taɓa jin nisan ba. Ban kira ki a waya ba saboda Antinki tana jin abin da ake faɗa a waya ko da tana kicin famfo na zuba. Wannan takarda za ta zo ta ofishin kaya na kamfaninmu, ke ma ki riƙa ba da amsa ta nan.

Ga abin da ya kawo ni. Wai ina cizon haƙora a barci. Na ce wai, don ni ban taɓa ji ba. Antinki ta shekara ashirin tana mita, ni kuma na shekara ashirin ina cewa sharri ne. To yanzu kamfani ya yi mana ɗakin hutu a babbar tasha, gado shida, mu kwanta da rana kafin mu juyo da bas. Asiri ya tonu. Sun sa mini suna Injin Niƙa, wani ma ya ce zai kawo hatsin gidansa ya ajiye kusa da matashina.

Dariya nake yi tare da su, amma maganar direbobi ba ta tsayawa a ɗaki. Bara aka fara tsokanar abokina Dogo cewa yana zabura a barci. Zance ya kai ofis, likitan kamfani ya duba shi, yau ga shi can a ofishin kaya yana manna takarda a jikin kwali. Shekarata ashirin da shida a kan sitiyari, ban taɓa goge ko madubin wani ba. Ba zan ƙare ina manna takarda ba, 'yata.

An ce akwai wata roba da ake sawa a baki ta kashe ƙarar, kuma irin aikinku ne. Ki yi wa Kawunki guda ɗaya.

Naki,
Kawu Direba

12 ga Maris

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin ganin rubutunka, har yanzu yana karkata kamar bas a kwana. Ina lafiya. Ka gaishe da Anti da jiki, ka ce ta riƙa dafa ƙarfen bene, ta daina nuna jarumta. Auta kuma Allah ya ba da sa'a.

Kawu, sau nawa zan faɗa maka ni ba likita ba ce? Likitocin haƙori ne ke ɗaukar awon bakin mutum su aiko mana. Mu huɗu ne a wani ɗaki a hawa na biyu, kowa da bencinsa da fitilarsa. Mu zuba wani farin gari a cikin awon ya daskare kamar alli, sai ga bakin mutum a tafin hannunka, mu yi masa haƙoran roba ko abin da aka rubuta. Shekara tara ina wannan aiki, na san bakunan mutane sun fi dubu, ban san fuskar ko ɗaya ba. Da yamma in na fito, har gashin idona fari ne.

Robar da ka ji labari gaskiya ce, ina yin biyu ko uku a mako. Sai dai kowane awo da takardar likita yake zuwa, an liƙa a jikin ledar. Takardar ce shaidar cewa wani ya duba mutumin gaba ɗayansa, ba bakinsa kaɗai ba. Dalili kuwa, cizon haƙora ga babba sau da yawa ba shi kaɗai yake tafe ba. Wani damuwa ce, wani yawan kofi da sigari, wani kuma wata cuta ce a ƙasa.

Saboda haka ka ba ni amsa, ban da wasa. Kana tashi da ciwon kai? Muƙamuƙinka yana riƙewa da safe? Kana minshari, kuma Anti ta taɓa cewa numfashinka yana ɗaukewa? Ƙwannafi fa? Kofi nawa kake sha a rana, kuma ka bar sigarin nan da ka yi wa Mama rantsuwa za ka bari? Yaushe rabonka da awon jini?

Ka je wurin likitan haƙori ya ɗauki awo ya ba ka takarda, ka aiko mini su tare.

'Yarka,
wadda ba likita ba

25 ga Maris

'Yata Likita,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, Antinki ta ce a gaya miki benen ne ya tsufa ba ita ba.

Ga awo nan a cikin kwalin, na naɗe shi da tsohuwar singileti kada ya fashe. Akwai wani mai gyaran haƙori a bayan tasha, shi ya cusa mini wani abu mai sanyi a baki har na kusa amai. Takarda kam ya ce shi ba ya bayarwa, ni ma ban matsa ba. Ke da kike 'yar gida, me za ki yi da takarda?

Tambayoyinki sun fi na ɗan sandan hanya yawa, amma ga amsa. Ciwon kai da safe, wane direba ne ba ya yi? Muƙamuƙi yakan riƙe, sai na kurɓi abu mai zafi yake saki. Kofi huɗu, wata rana biyar, da gwangwani biyu na lemon nan mai sa ido ya buɗe in hanya ta yi tsawo. Sigari na rage, kwali ɗaya yana kai mini kwana biyu, Allah ya yafe mini rantsuwar. Ƙwannafi kullum, don abincin bakin hanya mai ne zalla, a tsaye nake ci, minti goma. Maɓallin wuyan rigar kamfani ya daina shiga tun bara.

Minshari kowa yana yi a ɗakin hutu, ba mai kula na wani. Niƙar ce tawa ni kaɗai. Antinki ta ce nakan yi shiru ɗif kamar an kashe inji, sai in ja numfashi da ƙarfi, sai haƙora su kama aiki. Ita minsharin ta saba da shi, ƙarar haƙoran ce ke tashinta, ta zungure ni da gwiwar hannu in juya. Haƙarƙarina na hagu ya san ta sarai.

Awon jini sai na kamfani, kowace shekara a watan Yuni. Muna da dabararmu. Kwana uku kafin ranar a ajiye kofi da sigari, a ari ƙwayar hawan jini wurin mai ita, a shiga ana murmushi. Shekara biyar ke nan ina wucewa a haka.

Tunda kin ce ban da wasa, ga wata. Sau ɗaya, sau ɗaya tak, a watan jiya, na ga na tsallake babbar gada ban san lokacin da na hau ta ba. Idona biyu, hannuna a sitiyari, amma gadar ba ta cikin kaina. Wannan kada ya fita daga bakinki, musamman wurin Antinki. In ta ji, da kanta za ta tafi ofis.

Ina jiran robata.

Kawunki

2 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Awo ya iso bai fashe ba, singiletin ma ta iso, ban san me zan yi da ita ba.

Na zuba shi ranar Litinin. Da na ɓare na ɗora a ƙarƙashin fitila, sai da na ajiye wuƙar aikina na zauna. Turamen haƙoranka na baya sun shafe sumul kamar matakalar da aka shekara ana takawa. Fiƙoƙinka ba su da tsini ko kaɗan. Akwai tsaga a turmi na biyu na ƙasa ta dama, na tabbata yana yi maka tsami in ka sha ruwan sanyi. Abokiyar aikina ta leƙo ta ce, “Wannan tsohon ya kai tamanin?” Ban ce mata kawuna ne mai hamsin da huɗu ba.

Na ɗauki amsoshinka na kai wa wata likita da ke aiko mana aiki, ban faɗi ko kai waye ba. Ta ce akwai mutanen da maƙogwaronsu ke toshewa in sun yi barci, numfashi ya tsaya, jiki ya firgita ya ƙwato shi, a cikin wannan kokawar ne haƙora ke haɗuwa. Mutum ya kwana yana wannan sau da yawa bai sani ba, ya tashi kamar bai kwanta ba. Ta ce yana tafiya da hawan jini, ɗaya na ƙara wa ɗaya. Ta ce roba tana kare haƙora ne kawai, ba ta taɓa cutar, ga wasu ma tana iya ƙara matse numfashin. Da na ba ta labarin gada, ta tambaye ni aikin mutumin. Na faɗa mata. Kallona kawai ta yi.

Kawu, na ji tsoro, kuma har yanzu ina ji. Ƙarar nan da kake so a kashe, ita ce kaɗai ke faɗa wa mutane akwai abin da ke damunka. Ka je asibiti, ba na kamfani ba, kowane. A auna jininka ranar da ba ka ari ƙwayar kowa ba, a duba barcinka. Akwai magani, akwai na'urar da ake kwana da ita, mutane da yawa suna komawa bakin aikinsu. Mutum hamsin ne ke zaune a bayanka kullum, su ma da masu jiransu a gida.

Robar ba zan yi ba sai na ga takardar likita. Ba na yi wa kowa aiki babu takarda, ko waye shi. Maganar gada na riƙe kamar yadda ka ce, amma ka sani tana yi mini nauyi.

'Yarka

30 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Mako huɗu ke nan ina zuwa ofishin kaya duk ranar Laraba da Asabar, har mai ba da kaya ya fara girgiza mini kai tun daga ƙofa. Na kira wayarka sau uku, tana shiga ba a ɗauka. Na ɗauko lambar Anti na ajiye, na sake ɗaukowa na ajiye, saboda alkawarin da na yi maka.

In ka je asibiti, ka gaya mini abin da suka ce, ko da ba mai daɗi ba ne. In fushi kake yi, ka yi shi a takarda in gani. Awon bakinka yana nan a kan bencina, kullum shi nake fara gani da safe.

'Yarka

19 ga Mayu

Zuwa ga Malama ma'aikaciya,

Bayan gaisuwa. Lafiyarmu ƙalau, ba mu mutu ba.

“Ko waye shi.” Na karanta layin nan har na haddace. Ashe ni ko waye ne. Ban sani ba, na gode da aka sanar da ni.

Ba gori zan yi ba. Amma ranar da ciwon uwarki ya tashi, ba a tambayi takarda ba kafin in ɗauke ta a bayana in sauko da ita hawa uku. Shekarar da kika fara makarantar kwana, wata yarinya ce mai kuka ta zauna a kujerar kusa da direba sau shida a shekara, dokar kamfani ta hana, ni na ce 'yata ce. Ban san za ta girma ta auna ni da ma'aunin baƙo ba. Kin kuma ɗauki sirrina kin kai wa wata likita, kun zauna kun yanke mini hukunci ban san fuskarta ba.

Kin ce in je asibiti. Kin san asibiti suna rubutawa, kin san abin da aka rubuta yana da ƙafa. Ranar Alhamis manaja ya tare ni a bakin ofis yana dariya, ya ce, “Injin Niƙa, yaya hanya?” Sunan ya hau bene ke nan. Awon kamfani sha bakwai ga Yuni ne, kuma likitan bana sabo ne, an ce har abokan ɗaki yake tambaya. Ni ba abin da na iya a duniya sai tuƙi. In aka sauke ni, in zauna a gida in kalli bango, Auta ta riƙa ce wa ƙawayenta babanta yana manna takarda?

Abu ɗaya na taɓa roƙonki tun da aka haife ki. Ki bar shi, na yafe. Ki jefar da awon, kada ya tare miki benci.

Direba

26 ga Mayu

Kawuna,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Na karanta wasiƙarka a tsaye a ofishin kaya, na yi kuka a gaban mutane. Wallahi ba haka nake nufi ba. Dokar aiki na faɗa maka, ban ce kai baƙo ba ne. Ban manta bayanka da ya ɗauki Mama ba, ban manta kujerar gaba ba, har alewar da kake ajiye mini a aljihun ƙofa ina tunawa.

Ga robar nan a cikin ƙaramin akwatin shuɗi. Na jira kowa ya tashi ranar Juma'a na yi ta ni kaɗai. Kowane aiki muna rubuta lambar takardarsa a gindin zubin, a littafi ma haka. Naka ba shi da lamba, sai na rubuta “Kawu” da fensir na sa a jakata. Ban taɓa yin haka ba, amma ta yi kyau, ba za ta dame ka ba. A haƙoran sama ake sawa. Ka wanke da ruwan sanyi, na zafi yana lanƙwasa ta.

Sharaɗi ɗaya, kuma ina roƙonka da girman Allah. Da zarar an gama awon kamfani, cikin satin nan ka je asibiti. Robar nan ba magani ba ce, Kawu. Duk abin da na rubuta maka a watan Afrilu yana nan, ban janye ko kalma ɗaya ba sai wadda ta ɓata maka rai. Ka rage kofin, ka bar lemon gwangwanin nan. In ka sake jin irin abin gada, ka tsaya a gefen hanya ko da fasinja za su zage ka.

Ka rubuto ka ce ka yarda.

'Yarka

21 ga Yuni

'Yata Likita, 'yar albarka,

Gaisuwa mai tarin yawa. Kowa lafiya, Auta ta fara jarrabawa, gidan ya yi tsit kamar ba mutane.

Kawunki ya wuce! Sabon likitan ya auna, ya ɗan ɗaga gira, ya sake aunawa, ya buga hatimi. Abokan ɗaki da aka tambaya suka ce ai inji ya lalace tun watan jiya. Yanzu suna neman sabon suna, ba su samu ba tukuna.

Robarki kamar da ita aka haife ni. Antinki ta ce a gaya miki Allah ya ba ki miji nagari wanda ba ya niƙa. Ta ce rabonta da barci irin wannan tun tana gidan ubanta. Na ce mata ke kika aiko don haƙorana sun fara cinyewa, ban ƙara komai a kai ba. Haƙarƙarina ma ya samu hutu.

Maganar asibiti ina sane. Sai dai yanzu makarantu za su yi hutu, fasinja sun yi yawa, direba biyu suna jinya, ba a ba kowa rana. In hanya ta lafa zan je. Ciwon kan yana nan, har ya ɗan ƙaru, amma na ga zafin gari ne. Kuma na gaya wa kaina, da abin ya kai yadda likitarku ta faɗa, ai da ba ki aiko ba.

Wancan rubutun da na yi miki da zafi, ki yaga shi.

Kawunki Direba

24 ga Agusta

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Antinki ce, matar Kawunki. Dogo na ofishin kaya ne ya ce ta nan kuke gaisawa, shi zai sa wannan a mota. Ina fata kina lafiya. Ni da Auta lafiya, Kawunki ne ba lafiya. Ki yi haƙuri ban kira ba, in na buɗe baki a waya kuka ke riga ni.

Ranar Talata biyar ga wata, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, yana kan hanya da mota cike. Fasinja sun ce sai suka ga ya rage gudu, ya sa sigina, ya gangara gefe a hankali. Ya ja birkin hannu, ya kashe inji, ya buɗe musu ƙofa. Suka ɗauka taya ce. Wata mata a kujerar gaba ce ta lura bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ya zame daga sitiyari. Ko ƙwarzane ba wanda ya yi a motar nan. Manaja ya zo asibiti yana ta faɗin haka, kamar zai sa in ji sanyi.

Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ba ta fita sai kalma ɗaya ko biyu, su ma sai na sa kunne. Yana gane kowa. Mun dawo gida ranar Asabar, maƙwabta huɗu ne suka hau da shi bene a kan kujera, yana ta rufe ido don kunya.

A asibiti masu jinya suka lura numfashinsa yana tsayawa in ya yi barci, suka sa masa na'ura. Likita ya ce abin ya daɗe, jininsa ma ya daɗe a sama. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce shekaru, amma da nakan ji ƙarar haƙoransa in zungure shi ya juya. Ya ce yanzu fa? Na ce tun da robar ta zo ban ƙara farkawa ba.

'Yata, wata biyu na yi ina barci kamar jaririya. Har ƙiba na yi, har ina sa miki albarka bayan kowace salla. Mutumin nan yana gefena yana kokawa da numfashi, ni ina ta barci. Likitan ya ce kada in sa wannan a raina, amma su haka suke ce wa kowa.

Ke kika san wannan fanni, kuma ke ta gida ce, ba za ki rufe ni ba. Da ina tashinsa kamar da, da abin nan bai same shi ba? Ki faɗa mini gaskiya, don na kasa haɗa ido da shi.

Antinki

29 ga Agusta

Anti,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba Kawu lafiya, ya ba ki ƙarfin jinya. Na karanta wasiƙarki sau uku kafin in iya riƙe biro.

Kin ce in faɗi gaskiya. Ko zungurinki zai hana abin da ya faru, ban sani ba, ba na jin akwai likitan da zai iya rantsewa. Gwiwar hannu ba ta maganin hawan jini. Ke ba ki san komai ba, an kawo miki sauƙi kin karɓa, ba laifinki a ciki.

Ni ce na sani. Tun watan Maris Kawu ya rubuto mini cewa numfashinsa yana ɗaukewa, yana aron ƙwaya ya wuce awon kamfani, kuma ya taɓa tsallake gada bai san ya hau ta ba. Na ga haƙoransa a tafin hannuna. Na tambayi likita, ta gaya mini hatsarin, har ta ce robar tana iya ƙara matse masa numfashi. Na rubuta masa duka, na ce ba zan yi ba sai ya je asibiti. Ya ji haushin wata kalma da na rubuta, ya ɗauka na mai da shi bare, ya yi mako bakwai bai kula ni ba. Na kasa jurewa. Na yi robar a ɓoye babu takardar likita, abin da ba zan yi wa wanda ban sani ba. Baƙo na kare shi da doka, kawuna na ba shi abin da ya roƙa.

Lambarki tana cikin wayata duk wannan lokaci. Ya ce kada in gaya miki don za ki je ofis, ni kuma na fi tsoron fushinsa a kan komai. Da na kira ki, da yau yana manna takarda da hannunsa biyu yana zagina.

Ki haɗa ido da shi, Anti. Ni ce ban san yadda zan yi ba. Ina so in zo, amma sai kin ce in zo. In kin ce kada in taka gidanki, ba zan ga laifinki ba.

'Yarki

9 ga Satumba

'Yata,

Mun gode da addu'a. Jikin da sauƙi kaɗan, ya fara riƙe cokali da hagu.

Kwana uku na yi ban iya taɓa wasiƙarki ba bayan karatun farko. Ba zan ɓoye miki ba, na zage ki a raina, na zage shi, na dawo na zagi kaina. Ban ce na huce ba. Amma gado ɗaya ne a ɗakin Auta, ta ce za ta kwanta a ƙasa, ki zo ranar da kika samu.

Jiya na zauna a gabansa na karanta masa abin da kika rubuta, tun daga farko har ƙarshe, don ina so ya ji abin da ya jawo. Da na kai wurin da kika ce ya ji haushin kalmarki, sai ya fara buga hannun kujera yana girgiza kai. Ya nuna biro. Na ce ya bari sai ya ƙara ƙarfi, ya ƙi. Na ɗora masa takardar nan a kan faranti na riƙe gefenta. Tun bayan azahar yake yi har aka kira la'asar, ya jiƙe da gumi, bai yarda na taya shi ko harafi ɗaya ba. Ga shi a ƙasa, in kin iya karantawa.

Likita. Na gane takardarki tun ranar. Duka. Ban ji haushi ba. Na yi kamar na ji don ki aiko. Tsoro nake ji. Ki yafe wa Kawu.